Shata, Narambaɗa da Tazarar da Ke Tsakanin Fasihi da Mai Tashe

Duk wanda ya saba hawa motar haya tsakanin Kano da Katsina ya san yadda gardamar take tashi. Direba ya saka waƙa, wani fasinja ya ce a canza, wani ya ce a bari, kafin a kai Bichi mota ta rabu gida biyu. Ranar da abin ya tsaya mini a rai, wani saurayi ne a kujerar baya ya nemi a cire Shata a sa wani mawaƙi da ake yayi a lokacin. Hujjarsa ita ce miliyoyin mutane sun saurari waƙar a YouTube cikin wata guda. Dattijon da ke gefena bai tanka ba sai da muka wuce Tsanyawa, sannan ya waiwaya ya tambaye shi ko zai iya tuna waƙar da aka yi yayi bara waccan. Saurayin ya yi shiru yana lalube. Shata kuwa yana ta yi a rediyon motar, shekara ashirin da 'yan kai bayan an rufe shi a Daura.

Na daɗe ina juya tambayar dattijon nan. Hausa tana da kalmomi da dama na yabon mawaƙi, kuma kowace da nauyinta. Akwai mai tashe, wanda zamani ya ɗaga, ko'ina ka juya shi ake ji. Akwai shahararre, wanda sunansa ya kai inda ƙafarsa ba ta taka ba. Akwai gwani, wanda ya ƙware a abin da ya koya har ba ya tuntuɓe. Sai kuma fasihi, kalmar da muka arahantar a yau har duk wanda ya shiga situdiyo ana kiransa da ita, alhali waɗanda suka cancance ta a ƙarni guda ba su da yawa. Idan ka matsa wa mai son waƙa ya faɗa maka abin da ya raba fasihi da sauran, amsar kusan kullum ɗaya ce: baiwa ce. Gaskiya ne, baiwa ce, Allah ke ba wanda ya so. Sai dai mun mai da kalmar murfi. Da zarar an furta ta an rufe tukunya, ba mai sake leƙawa ya ga abin da ke dahuwa. Ni kuwa ina ganin ana iya leƙawa, kuma wajen Alhaji Mamman Shata Katsina ya fi dacewa a fara.

An haife shi a Musawa cikin ƙasar Katsina a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, Bafulatani ne, kuma gidansu ba gidan roƙo ba ne. A wancan zamani wannan babbar magana ce. Kiɗa da waƙa sana'ar gado ce kamar ƙira da fawa da wanzanci, kuma maroƙi, komai yawan rigunan da sarki ya yafa masa, yana can ƙasa a tsanin daraja, har akwai gidajen da ba za su ba shi 'ya ba. Don haka da yaron ya fara raba dare yana waƙa a dandali bayan ya gama tallar goro da alewa, uban bai ji daɗi ba. Ɗan gado irin Musa Ɗankwairo ya buɗe ido ya tarar da mahaifinsa Usman Ɗankwanda yana kiɗa, ya yi shekaru yana amshi a bayan yayansa Kurna kafin ya ja nasa ayarin. Shata kuwa haye ya yi. Daga Musawa ya koma Bakori, sunansa ya fashe a Kano a 1952 wajen bikin da ake kira Bikin 'Yan Sarki, daga baya ya kafa gida a Funtuwa ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Rashin gadon nan ya yi masa rana. Ɗan gado yana tashi ne ya tarar an riga an shata masa iyaka: ga fadar da gidansu ke yi wa waƙa, ga irin gangar da suke kaɗawa, ga kalmomin da suka dace da gaban sarki. Shata bai gaji ko ɗaya ba. Gangarsa kalangu ce, gangar mahauta da 'yan dambe da 'yan matan dandali, wadda ba ta cikin kayan kiɗan fada irin su kotso da taushi da tambari. Ita ya ɗauka ya shiga da ita zaurukan sarakuna, ya kuma fito da ita ya yi wa attajiri da direba da ɗan kwangila da ɗan bori da soja, duk da murya ɗaya.

Ganga mai jin Hausa

Kafin a yi maganar hikima sai an yi maganar kunne, domin nan ne ake fara tankaɗe. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kowace gaɓa tana da matsayinta, ko sama, ko ƙasa, ko faɗau, kuma wasali yana da tsawo ko gajarta. Kukan yaro da itacen kuka harufa ɗaya ne a takarda, a baki kuwa daban suke. Haka wuyan riga da wuyar aiki. Wannan yana nufin kowace jimlar Hausa ta zo da ɗan raujinta tun kafin mawaƙi ya taɓa ta. Mai waƙar Turanci yana iya ɗora kalma a kan kowane sauti ya ga dama. Mai waƙar Hausa idan ya yi haka, kalmar ta karkace, kunnen Bahaushe kuma ya ji wani abu ya goce ko da bai iya faɗin mene ne ba.

Kalangu an gina shi ne a kan wannan. Baki biyu gare shi, tsakiyarsa a tsuke, igiyoyin fata sun haɗa wannan baki da wancan. Makaɗi ya rataya shi a hammata, in ya matse sauti ya hau, in ya saki ya sauka. Shi ya sa kalangu ke magana, ya kira mutum da takensa daga nesa ya waiwayo. Ka saurari Shata da kyau ka ji yadda muryarsa da gangar suke tafiya. Ba ya tanƙwara kalma don ta shiga kiɗa. Raujin yana fitowa ne daga cikin jimlar kanta, shi ya sa sau da yawa sai ka rasa inda magana ta ƙare waƙa ta fara. Mutane kan ce waƙarsa ba ta da wuya, kowa ma zai iya. To, an yi shekaru masu kwaikwayonsa suna gwadawa. Suna samun kalangun, suna samun amshin, wasu har kaurin muryar suna samu, amma jimlarsu tana zama a kan kiɗan kamar kaya a kan jaki, tasa kuwa kamar gishiri a miya.

Sai kuma yadda yake gina waƙar. Masu nazarin waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, suna kiran layin da ake maimaitawa gindin waƙa, abin da jagora ke kawowa tsakanin amshi da amshi kuma 'ya'yan waƙa. Gindin Shata gajere ne, sau da yawa sunan mutum ne da kirarinsa kawai. 'Yan amshi su riƙe shi suna nanatawa, shi kuma a cikin 'yan daƙiƙun da suke amshin yake ƙera ɗan da zai biyo baya. An san shi da rashin zama ya shirya waƙa a gida. A filin wasa yake haifarta, yana kallon fuskokin mutane. Wanda ya shigo yanzu yana iya jin sunansa a ɗa na gaba, wanda ya yi kyauta a ji, wanda ya noƙe shi ma a ji. Dalilin da ya sa ke nan idan ka tara faifan waƙarsa Bakandamiya da aka ɗauka a wurare daban-daban za ka tarar gindi ɗaya ne amma 'ya'yan sun sha bamban. Shi kansa ya sha faɗa cewa bai san adadin waƙoƙinsa ba.

Wannan ya ja hankalin masana tun yana raye. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka da kundi a kan Shata, a daidai lokacin da masu nazarin adabin baka a duniya ke tattauna abin da Milman Parry da Albert Lord suka gano wajen mawaƙan gargajiya na Yugoslabiya: cewa mai waƙar nan-take yana da rumbu na shiryayyun jimloli da yake ɗebowa yana jerawa yayin da yake waƙar. Shata yana da irin wannan rumbu, duk mai sauraronsa ya san jimlolin da yake yawan komawa gare su. Amma rumbu kowane maroƙi yana da shi. Sanƙiran da ke gaban ango a ƙofar gida ma yana da nasa. Bambancin yana wajen zaɓe: cikin abu ashirin da za a iya faɗa a kan mutum, wanne ɗaya ne in an faɗe shi mutumin ya tsaya cak a gabanka? Shata kan ɗauko abu ƙarami, garin da mutum ya fito, sunan matarsa, wata kyauta da ya yi rana kaza, wani hali da abokansa suka san shi da shi, ya ajiye shi ba ado, ya bar ganga ta yi 'yan bugu, sannan ya ƙara ɗaya. Shirun da yake bari tsakanin magana da magana yana cikin waƙar. Mawaƙa da yawa tsoron shiru suke yi.

Kuma babu abin da ya ɗauka ya fi ƙarfin kalangu. Da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a watan Yulin 1969, ya yi waƙar kumbon Afolo 11. Mutumin da bai yi boko ba ya ɗauki labari mafi girma na kimiyyar zamaninsa ya sa shi cikin Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta gane. A shekarun yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojoji waƙoƙin ƙarfafa zuciya. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988, abin da mahaifinsa da ya hana shi roƙo ba zai taɓa kawowa a ransa ba.

Wanda ya kwana yana saƙa

Da a ce saurin ƙirƙira shi ne ma'aunin, da magana ta ƙare a nan. Amma akwai Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, wanda hanyarsa ta saɓa wa ta Shata kusan ta kowace fuska, kuma babu mai hankalin da zai cire shi daga sahun farko.

Makaɗan fada ba sa dogara da abin da ya zo baki. Jagora yakan zauna da yaransa a gida su yi ta bitar waƙa har kowa ya haddace inda zai shiga da inda zai fita, domin a irin waƙarsu 'yan amshi ba gindi kaɗai suke maimaitawa ba. Jagora ya fara ɗa, su karɓe su ƙarasa, wani lokaci su yi masa ƙari. Kuskure ɗaya a gaban sarki da hakimansa abin kunya ne. Waƙar Narambaɗa saƙa ce mai zare da yawa. Tarihin Gobir yana ciki, da su Bawa Jangwarzo da Alƙalawa. Karin magana yana ciki, wani na gado, wani shi ya ƙera shi amma ya zauna daram kamar tun kaka da kakanni ake faɗarsa. Habaici ga 'yan sarkin da ke hangen gadon sarauta yana ciki, a lulluɓe cikin sunayen dabbobi da tsuntsaye, yadda wanda aka nufa zai ji a jikinsa amma ba shi da hujjar kai ƙara. Ga Sakkwatanci tsantsa, wanda Bakano ko Bazazzagi sai ya saurara sau uku kafin ya kwashe ma'anar. Har doki ya yi wa waƙa, Dokin Iska, kuma mutanen da ba su taɓa zuwa filin sukuwa ba suna jin ƙarar kofato a cikinta. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya rubuta littafi sukutum a kansa, ɗalibai kuma a Sakkwato da Kano da Zariya har yau suna tono a waƙoƙinsa ba su kai ƙasa ba.

To ga mutum biyu. Ɗaya yana watsa waƙa kamar mai shuka gero, ɗaya yana dasa ta ɗaya-ɗaya kamar mai dashen dabino. Ɗaya Hausarsa a buɗe, ɗaya a ƙulle. Ɗaya na kowa, ɗaya na fada guda. Me ya haɗa su?

Abin da na gano, bayan shekaru ina sauraro, shi ne kowannensu yana yi wa mutum ɗaya waƙa saboda buƙatar rana ɗaya, amma waƙar ta ƙi mutuwa da ranar. Kada mu yaudari kanmu game da asalin waɗannan waƙoƙi. Aikin neman abinci ne. An yi su ne don a samu riga da doki da kuɗi, daga baya mota da kujerar Makka. Masu sukar maroƙa, tun daga malaman da suka ce roƙo zubar da mutunci ne har zuwa 'yan bokon da suka ce fadanci ne, ba ƙarya suka yi ba a kan wannan. Dubban waƙoƙin yabo an yi su an biya, sun bi iska tun kafin rigar da aka bayar ta koɗe. Amma kaɗan daga ciki sun kuɓuce wa wanda ya saya. Sarkin ya rasu, attajirin ya rasu, dukiyar ta watse, jikokin ma wasu ba a san inda suke ba, ga kuma wani ɗan acaɓa a Maraɗi ko mai shayi a zangon Kumasi yana jin waƙar yana gyaɗa kai, bai san mutumin ba, bai kuma damu ya sani ba. Abin da yake ji shi ne surar mutum: yadda mai kyauta yake, yadda jarumi yake, yadda mai haƙuri da maƙiya yake. Sai ya cire sunan da ke cikin waƙar a zuciyarsa ya sa na mahaifinsa, ko na ubangidansa, ko nasa.

Babu misalin da ya fi na makaɗi Muhammadu Bawa Ɗan'anace da ɗan dambe Shago. 'Yan dambe nawa aka yi a ƙasar Hausa a ƙarnin da ya wuce, masu ƙarfi da zuciya, waɗanda suka kashe abokan karawa a gaban dubban 'yan kallo bayan kaka? Sunayensu sun tafi tare da ƙurar fagen. Shago ya tsaya, har sunansa ya zama ma'aunin namijin da ba ya ja da baya, saboda Ɗan'anace ya kalli dambe ya ga abin da ya wuce naushi. Ya ga mutum a tsaye gaban ajali, ya yi maganar mutuwa da ƙaddara a fagen da ake zaton ihu kawai ake yi. Haka Ɗankwairo da Sardauna Ahmadu Bello. An kashe Sardauna a Janairun 1966, jam'iyyarsa ta tafi, gwamnatin Jihar Arewa ta tafi, amma waƙar tana nan tana sa tsigar jikin waɗanda aka haifa shekaru talatin bayan haka ta tashi.

Akwai kuma waɗanda fasaharsu ta bayyana wajen zaɓen wanda za a yi wa waƙar tun farko. Adamu Ɗanmaraya Jos, haifaffen Bukur a 1946, ya tashi ba uwa ba uba, kayan kiɗansa kuntigi, 'yar ƙaramar aba mai tsirkiya ɗaya, ba makaɗa ba 'yan amshi. Da wannan ya yi wa karen mota waƙa, yaron da ke kwana a kan kaya yana cin zagin direba, wanda kafin nan ba wanda ya ga ya isa a ambace shi. Ya yi ta waƙa a kan aure da gulma da mai akwai da mai babu har ya rasu a 2015. Hajiya Barmani Choge kuwa, 'yar ƙasar Funtuwa, ta ɗauki amada, kiɗan ƙwarya na cikin gida da mata ke yi a tsakaninsu ranar suna da biki, ta fito da shi fili. Kishi, haihuwa, sana'ar mace da kuɗin hannunta, abubuwan da mata ke faɗa idan maza ba sa nan, ta faɗe su da babbar murya tana dariya. Ta rasu a 2013. Ina ganin har yanzu ba a ba ta haƙƙinta ba a wajen masu jera sunayen manya, kuma dalilin bai wuce cewa masu jerawar maza ne ba.

Wuƙar da ke yanka ta kowane gefe

Ba zan tsallake abin da masoya Shata kan so a tsallake ba. Bakin da ya ɗaga mutane shi ne ya kayar da wasu. Zambo makami ne, kuma ya yi amfani da shi. Gagarabadau tana cikin waƙoƙinsa da aka fi sani, kuma waƙar muzanta mutum ce. Mu masu sauraro muna jin daɗin kaifinta, amma wanda aka yi wa zambo yana da 'ya'ya, kuma su ma suna shiga motar haya. Akwai manyan mutane da suka yi wa mawaƙa kyauta saboda tsoro, ba saboda so ba. Ya kuma yi waƙar A Sha Ruwa, wadda kowa ya san ruwan da take nufi, malamai suka yi tir da ita, kuma suna da hujja. Mutumin nan dai shi ne ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, waƙar da har yau take sa dattawa hawaye. Ban ga amfanin a ɓoye ɗaya don a tsare ɗaya ba. Fasaha ba shaidar kyawun hali ba ce, kuma wanda ya ce sai mutumin kirki ne kaɗai ke iya zama fasihi bai saurari waƙa da gaskiya ba. Abin da zan iya cewa shi ne ƙarfin da ya sa yabonsa ya daɗe shi ne ya sa zambonsa ya daɗe, kuma wannan nauyi ne da ya hau kansa, ba ado ba.

Zamanin fiyano

Daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano, waƙa ta koma situdiyo. Fiyanon Yamaha ya maye gurbin makaɗa biyar, kwamfuta ta koyi gyara murya, rauji da yawa kuma aka aro daga finafinan Indiya, abin da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kai. A nan ne matsalar kunnen nan ta dawo. Idan aka fara da raujin da aka ƙera don wani harshe sannan aka nemo kalmomin Hausa aka cusa, dole wasu su karye. Sau da yawa nakan ji waƙa mai daɗin kiɗa amma sai na karanta rubutunta kafin in gane abin da aka ce, da harshen da na tashi da shi.

Duk da haka ba na cikin masu cewa an rufe ƙofa da rasuwar Shata. Mawaƙan yanzu suna da wani gado da ba a cika lura da shi ba. Suna rubuta waƙarsu, suna tsare amsa-amo a ƙarshen kowane baiti, abin da makaɗan baka ba su ɗauke shi dole ba. Ta wannan fuska sun fi kusa da marubuta waƙoƙi irin su Aƙilu Aliyu da Mu'azu Haɗeja da Aliyu Namangi fiye da su Ɗankwairo. Aminu Ala misali ne na wanda ya san wannan gado yake kuma aiki da shi da gangan. Sannan tashe ba laifi ba ne. Shata ma ya yi tashe. A 2020, lokacin kullen korona, Jarumar Hamisu Breaker ta shiga gidajen da ba a zata ba, matan aure suna ɗaukar kansu suna rawa a gaban mazajensu, kuma waƙar da ta iya haka ta taɓa wani abu na gaske a rayuwar mutane. Abin da alƙaluman YouTube ba sa iya nunawa shi ne ko waƙa za ta rayu bayan bikin da aka yi ta dominsa, ko zaɓen, ko fim ɗin. Waƙoƙin siyasa sun fi kowa shiga wannan haɗari, domin ana biyansu da tsada, kuma mafi yawansu ranar da aka rantsar da wanda ya ci suke fara tsufa.

Abin da ya fi damuna game da situdiyo shi ne babu fuskoki a cikinsa. Shata ya koyi waƙa ne a gaban mutanen da za su iya juya baya su tafi. Kowane dare jarrabawa ce, ɗan da bai kama ba a take ake gani, a jefar da shi, wanda ya kama a riƙe. Shekara hamsin da wani abu yana wannan. Yaron da yau yake rera baiti ɗaya sau goma a gaban makirufo, injiniya ya zaɓi mafi kyau ya manna, yana iya fin Shata zaƙin murya, amma an hana shi malamin da ya koyar da Shata.

Shata ya rasu ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, a asibiti a Kano, aka kai shi Daura, garin babban ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, aka rufe shi a can. Bayan shekara bakwai Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da tarihinsa, Shata Ikon Allah. Abin da ke hannunmu na muryarsa shi ne wanda aka yi dace akwai na'ura a wurin: faifan garmaho, kaset ɗin da wani ya ɗauka a gidan biki, da abin da gidajen rediyo, musamman na Kaduna, suka naɗa suka ajiye. Sauran dararen, waɗanda sun fi yawa nesa ba kusa ba, sun tafi tare da waɗanda suka halarta. Na Narambaɗa da ya riga shi tafiya da shekaru masu yawa ya fi ƙaranci. Yawancin abin da ya tsira yanzu yana yawo ne daga waya zuwa waya, masu tura waƙa a bakin kasuwa suna zuba shi a katin memori, an yanke farkon wata, an laƙaba wa wata sunan da ba nata ba, ba shekara, ba wuri, ba sunan makaɗin da ya matse kalangun a hammatarsa daren da aka yi ta. Tsofaffin da za su iya jin faifai su ce wannan a Funtuwa aka yi shi, bikin wane, ga wanda ke riƙe da ganga, suna nan da sauransu a Musawa da Bakori da Isa, kuma kowace damina ana rasa wasu.